Libarbar Didam

A gidanmu na Kagoro, da an gama cin tuwon acca, sai Kaka Ladi ta ja kujerarta bakin murhu, ta zuba gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da labari guda, wanda in za ta ba da shi sai ta ajiye muciya.

Labarin mahaifinta ne, Didam. Lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi a Kafanchan, an kwashe shi aikin tilas tare da ƙanensa. Baturen da ke kansu yana yawo da libarba a ƙugu, ƙaramar bindiga mai cin harsashi shida. Wata rana zazzaɓi ya kayar da ƙanen, Baturen ya ɗora masa bakin bindiga a kunne, wai ya tashi. Didam ya murɗe wa Baturen hannu, ya ƙwace ta, ya saɓi ɗan'uwansa, suka haye duwatsu. Damina biyu suna ɓoye a can.

"Harsashi shida, jikokina," in ji Kaka, tana nuna mana yatsu. "Bai harba ko ɗaya ba. Ya dai hana a harba."

Bindigar tana rumbu, naɗe da tsumma. Sau ɗaya ta bari na taɓa ta.

Bayan rasuwar Kaka, Kawu Bulus ya ɗauke ta ba shawarar kowa, ya kai wa wani tsohon babban ma'aikaci a Kaduna mai tara tsofaffin bindigogi, don mutumin ya samar wa ɗan Kawu aiki. Ina koyarwa a Zonkwa na ji. Na shiga mota na je.

Mutumin ya karɓe ni da fara'a, ya nuna mini akwatin gilashi cike da bindigogi, kowace da takardarta. A ƙarƙashin tamu an rubuta: kyautar Bature ga amintaccen baransa.

Na juya na dubi mutumin.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce maka kyauta ce?"

"Kawunki mana, Malama."

"Kakanmu ba baran kowa ba ne! Ƙwatar ta ya yi!"

Ya gyara tabarau. "To, kawo shaida a rubuce, sai in canza."

A rubuce! Mutanen da aka kora aiki da bulala, wa ya ba su alƙalami?

Da ina yarinya, jarumta kawai nake ji a labarin. Yanzu na gane Kaka tsoron mantuwa take yi, ga shi ɗan cikinta ne ya mai da ubanta bara.

Ranar Kirsimeti, da dangi suka taru bayan sujada, na tashi na karanta labarin daga littafin da na rubuta shi a ciki bayan dawowata daga Kaduna, tun daga farko har ƙarshe. Kawu yana zaune a gaba, bai ɗaga kai ba. Bindigar tana can Kaduna da ƙaryarta, kuma har yau ban gai da Kawu ba.