Romon Ja'afaru Kuku

A Lakwaya in ka ce Ja'afaru, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Kuku kuwa, kowa zai nuna maka gidan.

A Kano ya samo sunan, inda ya yi samartakarsa yana girki a gidan wasu 'yan Sin masu masana'antar kwanuka. Uwar mai gidan ce malamarsa, wata 'yar tsohuwa mutuniyar Kanton ta ƙasar Sin, wadda yake kira Iya. Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ranar da ya kama aiki ya gaya mata shi Musulmi ne, ba ya taɓa alade, sai ta aika aka sayo sabuwar tukunyar ƙasa, ta ce wannan tasa ce shi kaɗai. A ciki ta koya masa romon garinsu: ƙafafun kaza, ɗanyar gwanda, gyaɗa, dabino, citta da busasshen ɓawon lemo. A ɗora da hantsi kan wuta 'yar kaɗan, ba a saukewa sai la'asar. Na gyaran fata ne, in ji ta, da cikin da ya ƙi zama.

Da ya sauke na farko ya kai cokali zai tsamo nama, ta buge masa hannu.

"Nama, shara," ta ce. "Ruwa, magani. Sha!"

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, masana'anta ta rufe, su Iya suka koma ƙasarsu. Ja'afaru ya dawo gida da tukunyarsa naɗe cikin bargo, ya kama noman dawa. Jefi-jefi in wani ya yi ƙuraje ko cikinsa ya lalace, a zo wajen Kuku.

Kamila ce 'yarsa ta fari. Kakanninsa makiyaya ne, kunyar ɗan fari a jininsu take, don haka bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. "Yarinyar nan" yake cewa. Ita ma da ta tasa ana tsokanarta da 'yar Kuku, ko ƙamshin tukunyar ba ta so.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya shiga tantance halal da haram, har abin ya iso kan tukunyar Ja'afaru. Maikuɗi mai shayi ne ya fara, da wasa.

"Kuku, yau kare aka ɗora ko kwaɗo?"

"Kai dai zuba min shayi."

"A'a, tambaya ce ta addini! Wa ya san abin da mutanen nan suka dafa a cikinta kana barci?"

Aka kwashe da dariya, amma maganar ba ta tsaya a teburin shayi ba. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Ja'afaru ya wanke tukunya ya kife ta ƙarƙashin gado.

A Kabo aka aurar da Kamila, a can kuma ta haihu. Da uwarta Hajaratu na raye, da gida za ta zo wankan jego. Tunda ta rasu, sai uwar mijin, Gwaggo Uwaliya, ta riƙe ta. Bayan suna labari ya zo cewa cikin maijego ba ya riƙe komai, fatarta tana saɓewa. An kai ta asibiti, an dawo da magani, jiki shiru.

Ja'afaru ya jawo tukunya ya kakkaɓe ta. Da la'asar ya juye romon a kula, ya shiga motar Kabo da ita a cinya. A zaure ya tsaya, don uba ba ya kutsawa gidan surukai. Gwaggo ta fito.

"Malam, sannu da hanya. Ya gida? Ya gona?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, sai godiya."

"Ga wannan a ba yarinyar nan."

"Mene ne a ciki?"

Bayani ya zo masa har baki. Sai ya tuna Maikuɗi. In ya ce dahuwar 'yan Sin ce, ƙila a zubar, ƙila ma a goranta wa 'yarsa.

"Ɗan romo ne," ya ce.

Kwana biyu ya sake kawowa, aka miƙo masa kular farko a wanke tas.

"Ta sha?"

"Ta ci, Malam. Ta ɗan taɓa."

Kunnensa ya tsaya a kan kalmar. Amma ya za a yi ya tsare surukar 'yarsa da tambaya, kamar yana zarginta? Ya ce a ransa salon magana ne kawai. Haka ya yi ta sintiri tsakanin Lakwaya da Kabo, shi yana cewa ta sha, Gwaggo tana cewa ta ci. Bai ga Kamila ba ko sau ɗaya. Wani lokaci yakan jiyo tarinta ta bayan katanga, ya sunkuyar da kai.

Kamila ba ta kai arba'in ba ta cika.

Ranar sadakar uku Gwaggo ta sa aka kira shi zaure. Idanunta sun kumbura.

"Malam, ka yi iyakar yinka, Allah ya gani. Mu ma wallahi ba mu ha'ince ka ba. Na san halin da ake ciki, na san ruwa ka yawaita don abin ya auku. To ni ban taɓa ba ta ruwan ba. Tsamewa nake, in zaɓo mata ɗan naman, in soya da man shanu da yaji yadda ake wa maijego. Ruwan kuwa, awaki nake juye wa."

A tsakar gida wata akuya ta yi kuka. Ja'afaru ya dubi hannun matar, duk ƙunar mai.

"Allah ya saka da alheri, Gwaggo," ya ce.

Ko da ta sha, za ta tashi? Bai sani ba. Liman ya ce masa kwana ne ya ƙare, ya kuma yarda. Amma a gona, in yana shi kaɗai, mutane sun sha jin yana cewa, "Ruwan ne, Gwaggo, ruwan za a ba ta." Daga nan sai ya kira sunan da bai taɓa kira ba.

Jaririyar ta rayu a hannun Gwaggo, aka mayar mata da sunan uwarta, ana ce mata Ummi. Da ta fara tafiya, ƙuraje suka feso mata, ga gudawa. Ja'afaru ya ɗora tukunya a tsakar gida, ƙofa a buɗe. A Kabo bai tsaya a zaure ba. Ya yi sallama ya wuce ciki, mata suna ta jan mayafi.

"Malam, lafiya?"

"Dahuwar 'yan Sin ce, Gwaggo, babu haram a ciki. Ba ni kofi."

Ya zauna a tabarma, ya ɗora yarinyar a cinyarsa, ya hura romon har ya huce.

"Kamila," ya ce. "Sha."