Kwandon Ɗan Bushiya

A gidanmu na Badafi, idan aka sauke tuwon dare ba a kashe wutar murhun Iya Ladi. Ita ce ta haifi mahaifinmu, kuma ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, jikin rumbunan hatsi. Da an idar da sallar isha'i sai ta tura totuwar masara cikin garwashi, ta jawo 'yar kujerarta, mu jikokinta mu zagaye ta. Lokacin kaka ya fi kowanne daɗi. Akwai ɗanyar gyaɗa da za a binne a toka, wani lokacin har da dankalin da kawunmu kan aiko daga Doguwa. Ta bayan katanga kuma kana jin motsin shanun maƙwabtanmu Fulani suna shirin kwanciya.

Ni ce nake zama a gefen ƙafarta ta dama. Sunana Sa'adatu, amma ita ƙawata take ce mini. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta miƙa hannu sama kamar ta cafko wani abu a iska, ta ce, "Ta zo wucewa na kamo ta." Mu kuma mu ce, "A saukar mana da ita, Iya."

Cikin duk waɗanda ta saukar mana, ta ɗan bushiya ce ta zauna mini a rai.

Wai ɗan bushiya ne ya so ya koyi gini. A dajin kuwa babu maginin da ya kai Gara, don haka ya je gindin shurinta ya yi sallama. Gara ta leƙo ta ce ba ta ɗaukar ɗan koyo sai ta ga aikin hannunsa. Ɗan bushiya ya ɗauki kwando ya shiga daji. Ya samo sheƙar da tsuntsuwa ta saƙa ta tashi ta bari. Ya ɓamɓaro ɗakin laka na zanzaro daga jikin dutse. A bakin rafi ya tsinci ƙwaryar katantanwa mai sheƙi. Ya jera su a kwando gwanin sha'awa, ya kai wa Gara.

A nan Iya takan ƙanƙance murya, ta yi maganar Gara a hankali kamar mai ciwon haƙori. "Wannan na tsuntsuwa ne, na san saƙarta. Wannan na zanzaro ne, tare muke ɗibar laka. Duk suna da kyau, yaro. To, kai ina wanda ya rushe maka?"

Ɗan bushiya ya ce shi babu abin da ya taɓa rushe masa. Gara ta ce to bai taɓa gina komai ba ke nan, ta koma ciki.

Ya tafi yana kuka. Da damina ta sauka ya kwaɓa ƙasa ya tayar da ɗaki, ruwan farko ya narkar da shi. Ya sake, ya zuba ciyawa a kwaɓin, bango ya tsaya amma rufi ya rufta masa a ka. Haka ya yi ta yi har kaka. Bai samu ɗaki ko ɗaya tsayayye ba, sai dai ya tattara ɓaraguzan a kwandonsa ya koma. Gara ta ɗauki kowane gutsure tana juyawa, tana tambayarsa me ya kayar da wannan, shi kuma yana ba ta amsa, don ya sani. Da ta gama sai ta matsa gefe ta ce ya shigo.

"Nan na sake ta," in ji Iya, "ta koma inda ta fito. A tono gyaɗar nan kada ta ƙone."

A lokacin haushin Gara nake ji. Gani nake mugunta ce kawai, ga kaya masu kyau ta ƙi, ta karɓi tarkace.

Shekaru suka wuce. Na gama sakandare da burin karanta zanen gine-gine. Sai aka ba da sanarwar wata jami'a a ƙasar waje da ke ɗaukar ɗalibai kyauta a wannan fanni. Bayan sakamakon jarrabawa, suna son mai nema ya aika da tarin ayyukan hannunsa, zane-zane da hotunan abubuwan da ya ƙera, abin da suke kira fotfoliyo. Baba bai hana ni ba, amma ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Ki gwada wannan karon. In Allah bai yi ba, sai ki karɓi karatun koyarwa da kika samu a Kano, kada shekara ta wuce ki a zaune."

Na duƙufa. Na buɗe hotunan dogayen benaye na gilas a wayar yayana, ina kallo ina zanawa, har yatsuna suka yi kanta. Sun yi kyau ƙwarai, duk wanda ya gani a gida sai ya ce tubarkalla. Na ɗauke su na tafi Tiga wurin Malama Binta, wadda ta koya mana zane a makaranta, mijinta yana aiki a ma'aikatar ruwa ta can. Ta shimfiɗa su a tabarma ta daɗe tana dubawa.

"Hannunki yana da kyau, Sa'adatu," ta ce. "Amma a cikin gine-ginen nan, wanne kika taɓa shiga?"

Na ce babu.

"Su ma masu dubawar za su gane haka. Sun ga irin waɗannan har sun gaji. Ke suke son gani."

Na hau babur zuwa gida jikina a sanyaye. Lokacin da ya rage a rufe karɓa ba shi da yawa, kuma duk abin da na tara ya tashi a banza. Muna cikin tafiya a tsakanin gonaki na hango wani shuri a gefen hanya, ja, ya fi mutum tsawo. Sai kawai muryar Iya ta faɗo mini, da tambayar Gara. Na yi dariya ni kaɗai a bayan mai babur har ya waigo.

Washegari na ari igiyar awo a wurin tela na fara da abin da ke gabana. Na auna ɗakin Iya ciki da waje. Na zana rumbunanmu, na kwanta a ƙasa na ga yadda aka ɗora su kan duwatsu don kada danshi ya kai ga hatsi. Na lura ƙofar Iya ta ba gabas baya, wato inda ruwan sama ke bugowa, abin da ban taɓa kula da shi ba duk tsawon zamana a gidan. Daga nan na ce bari in ƙera ƙaramin zaure da laka, mai lanƙwasasshen rufin nan na ɗaurin guga irin na tsofaffin gidaje. Na farko ya rufta tun bai bushe ba. Na biyu ya tsage daga sama har ƙasa. Kowanne ya faɗi sai in ɗauki hotonsa, in rubuta abin da nake zaton ya kayar da shi. Na ƙarshe ya tsaya, ko da yake ya ɗan karkace. Na haɗa su duka, da karkataccen da rusassun, na aika. A cikin benayen gilas ɗin ko ɗaya ban saka ba.

Da jami'ar ta kira ni ganawa ta bidiyo, sai da na koma Tiga, don a can waya ta fi kamawa. Malamai biyu ne, mace da namiji. Kusan duk tambayoyinsu a kan zauren da ya tsage ne, kuma na iya amsawa, don ina tsaye ya tsage. Bayan wasu makonni saƙo ya zo cewa sun ɗauke ni.

Da yamma na sami Iya a bakin murhunta, ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni. Na ce mata tatsuniyarta ce ta kai ni.

"Wacce a ciki, ƙawata?"

"Ta ɗan bushiya da Gara mana."

Ta shiga lalube a ranta. Can sai ta fashe da dariya har da tari. "Af, wannan? Ai ba tatsuniya ba ce ta asali. Ranar nan ce da akuya ta tattake miki ɗakin 'yar tsanar da kika wuni kina ginawa, kika ƙi cin tuwo. Na rasa yadda zan yi da ke, shi ne na haɗa ta nan take."

Ni na ma manta da akuyar sam.

Iya ta rasu ina shekara ta biyu a jami'a, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina ɗauka cewa abin da ta bar mini shi ne kada in ji kunyar aikin da ya faɗi, kuma hakan ne. Amma da na fara aiki sai na ga akwai wani abin. Na zaci tsohon labari ne da ya ratso kakanni kafin ya iso gare mu, ashe a zama ɗaya aka yi shi, saboda yarinya guda da ke kuka, kuma daidai da ita. Shi ya sa yau idan mutum ya zo ofishinmu yana son a zana masa gida, ba na saurin ɗaukar fensir. Sai in sa a kawo masa ruwa, in tambaye shi su wa za su kwana a ciki, wa ke da ciwon ƙafa, wa ke son hantsi a ƙofarsa. Sai na san mutanen tukuna nake ja layin farko.