Neman Laikin a Bayan Dutsen Inkil

Wunti, ƙarfe biyar da rabi

Ina idar da sallar asuba na rataya jaka na fito. A bakin titi na tarar da Anti Rifkatu, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen sashenmu, riƙe da madubin ƙara girma da 'yar kwalbar ruwan gwaji. Laikin za mu nemo, wani tsiro mai kama da busasshiyar gansakuka da ke manne a ƙasa. A kansa nake rubuta kundin kammala jami'a. Saura sati biyu in miƙa, ban samu irin da nake nema ba.

Mai keken da ya ɗauke mu ya ji zancen, ya ce, "Hajiya, ciyawa da sassafen nan? Ai da gidanmu kuka zo."

Hanyar Gombe

A shinge wani ɗan sanda ya karɓi kwalbar. "Turare ne?"

Anti ta ce, "Yallaɓai, kada ka buɗe, yana ƙona fata."

Ya miƙo mana ita da sauri, har da fatan a dawo lafiya.

Inkil, shida da kwata

Filin da aka kwatanta mana an riga an jibge bulo a kai. Wani dattijo makiyayi, Baffa Jauro, ya tsaya muka gaisa, na nuna masa hoto a waya.

"Wannan da ko akuya ba ta ci? Ku biyo ni, 'ya'yana."

Tafiyar minti ashirin muka yi zuwa bayan wani dutse. Ga shi shimfiɗe, toka-toka, kamar ɓawon kifi. Na yayyafa masa ruwa, nan take ya koma kore. Sai dai iri biyu ne masu wannan kamar, ido ba ya raba su. In an ɗiga ruwan gwaji, ɗaya ya tsaya rawaya, nawa kuwa ya rikiɗe ja.

Anti ta kankare kaɗan, na ɗiga masa ruwan gwajin. Rawaya. Can sai ja ya fara tasowa daga gefe, har ya zama kamar zoɓo. Ban san lokacin da na rungume Anti ina ihu ba.

Baffa ya duƙa ya leƙa. "Ikon Allah! Tun ina yaro nake taka shi, ashe jini gare shi."

Ya rantse ba za mu tafi ba sai mun sha fura da nono a rugarsa. Muka sha har muka yi nak.

Gida, bayan azahar

Inna ta buɗe ambulan ɗin da na zubo laikin a ciki, ta daɗe tana kallo. "Wannan ɗan ɓawon ne ya hana ki cin abinci wata guda?" Ta tashi ta zubo mini tuwo malmala biyu, na cinye tas.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Anti Rifkatu da Baffa Jauro, Allah ya saka muku da alheri.