Musayar Kujera a Bakin Gari

Ƙarshen damina ne, gulbi bai gama janyewa daga fadamar Gummi ba, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Shekarar ta zo mana da nauyi, amma nauyi mai shiru. Ba a yi mana mutuwa ba, ba mu kwana da yunwa ba. Abu ɗaya ne, wanda daga ni sai maigidana muka sani: likita ya ce hawan jinin ido gare shi, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Gabansa yana gani sarai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Gefe da gefe kuwa duhu.

Shi direba ne tun kafin ya aure ni. Da tsohuwar a-kori-kurarsa yake ɗauko shinkafa daga Gummi, garinsu, ya kawo Anka inda muke zaune, wani lokaci ya biya Bukkuyum. Na ce ya ɗauki direba. Ya ce ranar da ya yi haka, kafin la'asar duk tasha ta san idonsa ya tafi, ba mai ƙara ba shi kaya. 'Ya'yanmu maza kuwa suna nesa. Sai ya ce mini, "Innar yara, ke da kinka koyi karatu da hurhura bisa kai, mota ba ta hi ƙarhinki ba."

A wani fili bayan gari muka fara, kullum da hantsi. Kuloci ne ya wahalar da ni. In na sake shi, motar ta yi tsalle ta mutu. "Sannu-sannu," in ji shi, "kamar kina aje jinjirin da ya yi kwana." Da wannan na gane. Shi da kunne yake koya mini. Zai rufe ido ya ce, "Ba ki ji tana kuka? Ba ta giya ta biyu." Matan unguwa suka yi ta dariya, wai Malam ya rasa abin yi ya koma lalata matarsa. Muka bar su a haka, don dariyar ta fi mana sauƙi da gaskiyar.

Kafin a gama yankan shinkafa mun tsara yadda muke tafiya. A kan kwalta, inda ake gudu, ni ke tuƙi. Da mun hango gari sai in tsaya gindin wata itaciya, mu sauka mu yi musayar kujera. Shi zai shiga gari a hankali, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana ɗaga wa mutane. Ni kuma ina gefensa ina faɗa masa ƙasa-ƙasa, ba tare da na motsa baki sosai ba: "Akuya hagu. Mashin dama. Tsaya." Na sani sarai a cikin gari ne abubuwa suka fi fitowa ta gefe. Amma a cikin gari ne kuma idon mutane yake.

Akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba: tuƙin yana yi mini daɗi. In hanya ta miƙe, iska tana shiga ta taga, gonaki suna wucewa, sai in ji ƙirjina ya buɗe. Ni da na girma ina bin bayan jaki da ƙafa. Sai in waiga in gan shi ya ɗora hannu a gwiwa, ƙafarsa tana taka birkin da babu shi a wajensa, daɗin ya koma mini kunya. Abin da aka karɓe masa ne aka miƙo mini.

Ranar da abin ya faru, bikin suna za mu je gidan wansa a Gummi. Muka yi musaya a bakin gari kamar kullum. Mun shiga layin da ke bayan kasuwa ke nan na hango yayarsa mace tsaye bakin hanya, tsohuwar da ta riƙe shi bayan rasuwar Innarsu. Rabona da ita tun Sallah. A mota ba a durƙusawa, to ko ba komai sai ka juya ka ba babba fuskarka. Na juya. "Ina wuni, Yaya? Mun ishe ku lahiya?" Ta amsa, ta tambayi yara, na fara amsawa.

Sai na ji ƙwas.

Wata yarinya ce 'yar Fulani, ba ta wuce shekara goma ba, ta fito daga lungu ta wajen Malam da ƙwaryar nono a kai. Madubin motar ya ɗauke ƙwaryar. Ta tsaya cik, nono yana bin fuskarta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Uwarta da ke biye da ita ta sauke tata ƙwaryar, ta ɗauke yarinyar da mari, tana yi mata faɗa da Fillanci. Maza suka taru. Wani ya ce, "Laihin ɗiyar ne, ba ta duba ba. Malam tun muna yara shike tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba." Malam ya riƙe sitiyari, ya bar laifin a kanta. Ni ma na bar shi a kanta. Yarinyar ta duƙa tana tsintar ɓarin ƙwarya tana kuka.

A gidan suna aka kawo mini tuwon shinkafa, na kasa ci. Ina ta auna tsawon yarinyar a raina. Da ta fi haka da taƙi ɗaya, ba ƙwarya madubin zai samu ba. Da la'asar na karɓi makulli wurinsa don in ɗauko kayan barka a mota, ya biyo ni.

"Ke ce kinka juya," ya ce.

"Ni ce, Malam. Kuma gobe ma in na ga Yaya sai na juya."

"To mi kike so? In tsaya tsakar kasuwa in yi shela?"

"Ban ce ba."

Ya koma wurin maza. Makullin ya kwana a bakin zanena.

Har yau ban sani ba ko akwai hanyar da ta fi wadda na bi taushi. Na yi shekaru da yawa ban taɓa ƙetare maganarsa a gaban mutane ba, balle a ƙofar gidansu.

Washegari da safe maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ana sallama da baƙi. Na gaishe su, na wuce na buɗe ƙofar direba na zauna. Wansa ya yi dariya. "Kai, ku dubo! An yi wa ƙanena juyin mulki!" Malam ya zo ya tsaya jikin ƙofata. Ban iya dubansa ba. Na ce a hankali, "Malam, zagaya."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya zagaya ta gaban motar, yana shafa ta da hannu har ya kai ɗaya ƙofar. Dariya ta ɗauke. Wansa ya tashi ya matso. "Lahiya dai?"

"Ido ne, Yaya," ya ce. "Na daɗe ina ɓoye muku."

Ya shiga ya zauna, na murza makulli. Motar ta tashi ta mutu. Na sake tayar da ita, na saki kuloci, na ratsa garin nan da giya ta ɗaya har muka hau kwalta.