Man Giya Iri Biyu Ne

Har gobe ban manta da Larabar da aka kwance cikin motar awonmu a Wurno ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar da ita a bayan ɗakin magani, tayoyi a sace, shi ya sa nake so ku ji yadda ta kai ga haka daga bakin wadda ke da hannu a ciki.

Irin motar 'yan yawon buɗe ido ce, mai gado da wurin wanke hannu a cikinta. Wata ƙungiyar agaji ta bar mana ita bayan ta sha duniya, muka mayar da gadon na awon ciki. Mu uku ke fita da ita. Sista Hadiza ce jami'ar lafiya, ita ce shugabarmu. Baba Altine direba, ya fi shekara talatin a kan sitiyari. Ni ce ta ƙarshe, ungozoma: in wanke kayan aiki, in tara mata, in rubuta sunayensu a kati da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi bayan na aurar da 'yata ta fari. Litinin Lahodu, Laraba Kagara, Asabar ƙauyukan Rabah. Ranar da motar nan ba ta je ba, masu ciki na wuraren ba su da wani awo.

Ga wanda bai sani ba, motar otomatik ce. Ba ta da kuloci. Direba zai ɗora hannun giya a kan harafin D, ita kuma ta riƙa canzawa da kanta da ƙarfin man da ke cikin giyabos.

Wajen ƙarshen damina ta fara nawa. A sa ta a D da safe, sai ta yi tsaye kamar mai tunani, sannan ta zabura. Ni ke share inda take kwana, na kuma riƙa ganin ɗigon mai ja, tsararo kamar zoɓo. Baba Altine ya duba ya ce man giya ya yi ƙasa. Ran nan yana fama da facin taya, ni kuma zan shiga kasuwa sayen sabulu, sai ya ce in biya in karɓo galan guda.

Na ce wa mai shagon, "Ɗana, man giya nika so."

Ya dafe ƙirji. "Subhanallahi, Inna! Giya cikin garin Wurno, da rana tsaka, da hurhurarki?"

"Ta mota, ja'iri."

Muka yi dariya, ya miƙo galan. Bai tambaye ni wace mota ba, ni ma ban san ana tambaya ba.

Ni na riƙe mazurari Baba Altine yana zubawa. Man ya fito da kauri kamar maɗi, yana warin tafarnuwa, bai yi kama da wanda nake sharewa ba ko kaɗan. A jikin tsinken awon mai akwai haruffa uku masu nuna irin man da take sha. Na karanta su a zuci, na duba galan sama da ƙasa ban gan su ba. Na buɗe baki, na rufe. Na ce da kaina, ke da kika koyi baƙi da girma, ke za ki gyara wa mai shekara talatin yana tuƙi?

Makon farko har kamar ta warke. Ɗigon bai tsaya ba, aka ƙara mata man sau biyu. A mako na uku, muna hanyar Kagara, mun wuce madatsar ruwa rana ta ɗaga, sai inji ya kama kururuwa motar tana rarrafe. Baba ya taka totur, ta yi fizga guda har ma'auni ya faɗo daga kan gado, ta ƙi gaba. Masu zuwa gonar albasa suka taru za su tura, Baba ya ce irin wannan ba ta jin turi. Sai da ta huce muka lallaɓo gida kamar masu rakiyar mara lafiya. A Kagara mata na zaune gindin bishiya suna jiranmu, cikinsu har da Inno, mai cikin wata takwas da ƙafafu a kumbure, wadda Sista ta ce lalle a sake auna jininta ranar.

Sista ta rubuta rahoto, ofis ya turo bakanike daga Sakkwato, Malam Umaru, wanda aikinsa ke nan, giyar otomatik. Mutum ne mai sanyin hannu. Baba ya tambaye shi ina na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwo. Ya ce, "Wagga mota ta girmi kwamfuta, Baba. Da kunne da hanci aka bincikenta."

Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Da sanyi take yi ko in ta ɗau zafi? A ribas ma tana jinkiri? Sai ya ce wa ke zama a baya, don na baya ya fi jin fizga. Aka nuna ni. Na faɗa masa da farko da safe take yi, daga baya ta koma sai ta yi zafi, kuma canji na biyu zuwa na uku ne take zamewa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Inna, ke ya kamata a ba garejin."

Daga nan ya sa aka daidaita ta a wuri mai shimfiɗa, aka tayar da inji har ya yi ɗumi, ya bi da hannun giya kan kowane harafi, sannan ya zaro tsinken awo inji na aiki. Ya ce haka ake auna man otomatik, ba a kashe ba. Ya duba wayar totur, lafiya. Ya bi tiyon da ke kai mai wajen lagireto, ya nuna mana wata 'yar tsaga da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Sannan ya nemi farar takarda, na yago masa daga littafina, ya ɗiga man a kai. Baƙi ƙirin. Ya shinshina, ya miƙo mini. Ƙaurin ƙanzon tuwo ne, da warin tafarnuwa a ƙarƙashinsa.

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance farantin giyabos. Matatar mai ta toshe da baƙin taɓo, maganaɗisun da ke ciki ya yi gashi da garin ƙarfe. Ya daɗe a zaune yana murza taɓon da yatsa.

"Wa yaz zuba wanga mai?"

Baba Altine ya ce, "Ni naz zuba."

Na ce, "Ni nas sayo."

"Mi kika ce ma mai shago?"

"Man giya."

"To, ai bai cuce ki ba, Inna. Man giya yab ba ki, na giyar hannu, irin na motocin albasa. Wagga ja taka sha, mai ruwa-ruwa." Ya nuna tsagar tiyon. "Ciwonta na hwarko ga shi nan. Da an kira ni sannan, kahin la'asar na gama. Yanzu faya-fayen ciki sun ƙone, kuma kayan wagga tsohuwa ban san inda za a same su ba, ko Kano."

Baba Altine ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A nan na gaya musu zancen haruffan. Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Baba dai ya ce a hankali, "Da kin hwaɗi, Inna." Jim kaɗan ya ƙara, "Ko da yake ban san ko da na ji ki ba."

Sista ta sake rubuta rahoto. Amsa ta zo cewa a dakata. Muna dakatawa har yau. Kwana goma sha wani abu bayan haka wani mai kifi daga Goronyo ya kawo labarin Inno: jijjiga ta kama ta, aka ɗauko ta a amalanke zuwa asibiti, ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Sista ta ce kwana ne ya ƙare, kuma ko mun je ba tabbas. Na sani. Amma awon nan da ba a yi ba, ni na san inda ya tsaya.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A aikinmu ba sai mugu ya shigo ake yin asara ba. Mai shago ya yi gaskiya, direba ya yi ƙoƙari, ni na yi ladabi, ƙauyuka suka rasa awo. An tarbiyyantar da mu cewa na ƙasa ba ya gyara wa na sama, ba a kuma faɗa mana wa ke biyan wannan kunyar ba. Masu ciki ke biya. Don haka ku ƙanana, in kun ga kwalbar allura ko ƙwayar magani ba ta yi kama da ta jiya ba, ku faɗa, ko a gaban wa. In an ce kun cika baki, ku ce ni na sa ku.