Butar Kafen Babana

Shekarar da fari ya cinye mana shanu a Adar, babana Abdu ya kwaso mu zuwa Arlit, inda aka ce ana haƙo wani dutse da Turawa ke so. Ya samu aiki a ramin haƙar dutsen, aka ba mu ɗaki biyu a site, unguwar da kamfani ya gina wa leburori. Kowace asuba kar ɗin kamfani, motar kwasar ma'aikata, ya ɗauke shi, da la'asar ya sauke shi fari fat kamar an tono shi daga kabari. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, ta biyo mu. Bayan sallar isha'i ita ke hura gawayi a tsakar gida, ni da ƙanwata Rabi mu zauna a gefen zanenta, sanyin Abzin yana cizon kunnuwanmu.

A garin kowa shayi yake sha. Baba shi kaɗai ya koyi shan kafe, wato gahawa, wurin shef ɗinsa na aiki, wani Bafaranshe, ya kuma yarda cewa kafe mai ɗaci yana wanke ƙurar rami daga ƙirji. Sai ya shiga neman butarsa, irin mai hawa biyu: garin kafe a sama kan 'yar raga, a zuba tafasasshen ruwa, ya riƙa ɗiga ƙasa. Akwai ta alminiyo a kantin kamfani. Baba ya ɗaga ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce wannan gwangwanin tumatir ne. Ya wuce wurin Agali maƙeri, wanda ke ƙera tukwane da ludaya da ƙarafan da kamfani ke zubarwa. Rabin gidajen Arlit da irinsu suke girki. Agali ya yanko bututun masana'anta mai ƙyalli, ya sa masa raga ta can ciki, ya yi mariƙi da icen aduwa. Buta ta fito da nauyi, ba ta tsatsa. Na ga butoci a Jidda, na ga na Santambul, har yau ban ga mai kyanta ba.

Doka ɗaya Baba ya kafa, ita ma daga shef: ba a sa wa butar kafe sabulu, ɗauraya kawai, don kada ɗanɗano ya gudu.

Kaka ba ta son butar. A bakin ragar, inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, akwai wani zare ruwan ɗorawa da ba ya fita. Wata rana ta dirje shi da toka da rairayi har yatsunta suka yi jini, washegari ya dawo. Baba ya lura an taɓa masa buta, ya yi wa mahaifiyarmu faɗa. Kaka tana ji, ba ta ce ita ce ta dirje ba. Shi ne ɗanta na fari. A al'adarmu ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi tari, sai ta juya ta tambayi Rabi ko an ba akuya ruwa. Lokacin kuwa ya fara tari.

Wani dare Baba ya zauna nesa kaɗan, buta tana ɗiga a gabansa. Kaka ta zungure ni da ƙafa.

"Kai, mijin banza, ko goro ba ka saya mini. Matso, ga ta nan ta iso."

"Ta zauna mu ji," in ji Rabi.

Kaka ta ce an yi wani mutum a shekarar yunwa, ya shiga haƙar rijiya. Ruwa bai samu ba, sai wata tsohuwa zaune a ƙarƙashin ƙasa da tukunya a gabanta. Tukunyar ba ta ƙarewa, ko gari guda zai ci. Tsohuwa ta ce ya ɗauka, amma duk buɗewa za ta karɓi numfashi ɗaya daga gare shi. Mutumin ya yi dariya, ya ce numfashi ai kyauta ne, tun da aka haife shi yake zubar da shi. Ya kai gida, yara suka yi ƙiba. Bayan ɗan lokaci ya kasa hura wuta. Daga baya ya kasa kiran sallah. Sai ya ce bari ya koma rijiya ya roƙi tsohuwa ta ƙara masa wata tukunyar, ko ta magani.

"Uwatai ta gane shi za ya shiga," in ji Kaka. "Ta san in ya shiga ba shi hitowa. Ta biyo shi da gudu. Amma ɗan fari ne, mi za ta ce? Sai ta ce, kai, wancan! Duk garin suka waiwayo. Shi ɗai bai waiwayo ba."

Ta juya tana zungurar gawayi. Na ce, "Sannan fa?"

"Sannan mi? Tashi ka kwanta, mai kan ƙwarya."

Baba ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Inna, kada ki tsorata mini yara." Ya tsiyaya kafensa ya shanye.

Bai kai ga ganin na gama lakwal, makarantar boko, ba. Likita ya ce tari ne kawai, aka sallame shi daga aiki, ya kwanta a ɗaki yana jan iska kamar mai jan guga. Ko a kwance yana neman kafensa, don a wanke ƙirji. Ranar da zai tafi, Kaka ta shiga ta zauna a bakin tabarma, ta dube shi sosai, ta ce, "Abdu." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya buɗe ido, ya dube ta kamar yaron da aka tayar daga barci. Bayan an kai shi, ta ɗauki butar ta fita bayan gari ita kaɗai, ta dawo hannu wofi.

Na girma na bi duniya da tuƙin manyan motoci, daga baya jirgin ruwa. Ina tashar jirgin ruwa ta Marsai, can ƙasar Turawa, na ji labarin masu bincike sun zaga kasuwar Arlit da wata na'ura mai ƙara in ta kusanci guba, ta yi ta ƙara a kan irin ƙarafan da muke girki da su. Ban sani ba ko butar ce ta ci babana ko ƙurar rami. Kaka ma ba ta sani ba. Ta ga launin da ba ya wankuwa, tana da magana, hanyar faɗinta ɗaya ce tak, tatsuniya, ta kuma bi ta kanmu, mu yara.

Ni ma kafe nake sha, a wata butar yumɓu da na sayo a Habasha. Kafin na biya na tambayi matar da ke sayarwa, da guntun Larabcina, me wannan abu yake kafin ya zama buta. Ta yi dariya ta ce ƙasa ce. Na ce ƙasar ina? Ɗana na fari kuwa, tun yana zanen goyo nake kiransa da sunansa, a gaban kowa.