Takardar Makarantar Rakiya

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mini takardar da na kasa karantawa ba, alhali ni ne ake taƙama da shi a ofishinmu wajen karatun Turanci. A farkon shekarun hamsin ne na Miladiyya, cikin watan Zulƙida, alhazai sun fara cika Makka. Lokacin ina katibi na biyu a ofishin wani muɗawwifi da ke kula da alhazan ƙasashenmu, can wajen unguwar Hindawiyya.

Bari in yi muku bayanin tsarin, don ku yaran yanzu ba ku tarar da shi ba. Shaihu, wato muɗawwifin kansa, shi ne a sama. Daga shi sai wakilinsa na Jidda mai tarbar jirage, sai babban katibi Malam Sale, sai ni. Gidajen mutanenmu ba su da lamba, saboda haka duk wasiƙar da ta zo wa Bahaushen unguwa ta hannunmu take biyowa. Ƙa'ida ita ce a kira mai wasiƙa, a buɗe a gabansa, a karanta masa da shaida a zaune. In akwai amsa a rubuta, a maimaita masa, ya dangwala yatsa, Malam Sale ya buga hatimi. Kuma ba a yar da kowace takarda sai an gama aikin hajjin shekarar. Malam Sale ke karanta Larabci da ajami. Abin da ya zo da rubutun Nasara kuwa nawa ne, don na yi shekara huɗu a ma'ajiyar kaya ta tashar jiragen ruwa a Sudan. Turancin nawa bai taka kara ya karya ba, amma tunda babu mai kama ni, har tafiyata ta canza.

Wasiƙar ta Hajiya Asabe ce, mai tuyar waina a bakin layinmu. Mijinta Isa yana aikin zuba kwal a jirgin ruwa, ya yi shekara biyar rabonsa da gida. Ya sami ɗaki a wani garin bakin teku a inda ya kira Wales, ya aiko da takardun tafiyarta ita da 'yarsu Rakiya, mai shekara bakwai, za su hau jirgi kwana shida bayan an sauko daga Mina. A ƙarshen wasiƙar sai ya ce makarantu biyu ne a garin, ga takardar kowace, Asabe ta zaɓi ɗaya ta dangwala ta taho da ita, domin shi yawanci yana teku, ita ce za ta zauna da yarinyar. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba, Allah Ya jiƙansa, dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Takarda ta farko, ta makarantar Turanci, na karanta ta tsaf. Ta biyu kuwa an raba ta gida biyu. Gefe ɗaya Turanci ne, yana cewa a wannan makaranta da harshen Wales ake koyarwa. Ɗaya gefen haruffan Turanci ne sak, amma na kasa fitar da ko kalma guda. Na matso da ita kusa da ido, na nisantar, na goge tabarau. Babu abin da ya canza.

Hajiya Asabe ta ce, “Malam Habu, lafiya na ji ka yi shiru?”

Na ce, “Lafiya lau, Hajiya. Takardar hukuma ce, tana son nazari. Ki dawo jibi.”

Tana fita ofis ya kaure. Malam Sale ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce keken rubutun ne ya lalace. Na ce in keke ne ya lalace, ya aka yi gefe guda ya fita daidai? Ya ce to Faransanci ne. Muka kira wani Alhaji daga Damagaram da ya yi soja, ya duba ya ce shi dai bai taɓa jin Faransanci irin wannan ba. Na kai wa Ba'indiye mai kantin magani, ya karanta Turancin da ƙarfi kamar mai huɗuba, da ya zo ɗaya gefen sai ya miƙo mini abata ya ce yana da ciniki. Ita kanta Wales ɗin ma ba mu daidaita a kanta ba. Kan sarkin da ke jikin ambulan na Ingila ne, saboda haka Malam Sale ya yanke cewa unguwa ce a Landan, kamar yadda Hindawiyya take a Makka. To unguwa kuma da harshenta daban?

Daga nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na zauna na yi lissafi irin namu na mutanen Makka. Na ce ƙasa tana da harshen da kowa ke yi, amma an ware makaranta ana koyar da yara wani harshe dabam, to wane harshe ne ake yi wa haka in ba na addini ba? Mu ma a Kano da Hausa ake ciniki, amma da Larabci ake karatun allo. Ke nan wannan Larabcinsu ne, makarantar kuma makarantar allon Kiristoci ce. Na faɗa wa Malam Sale, ya buga cinya ya ce, “Wallahi ka gano ta!” Da na ji haka sai zatona ya rikiɗe ya zama ilimi.

Da Hajiya Asabe ta dawo na faɗa mata haka, ban ce ina tsammani ba, ban ce wataƙila ba. Ta dafe ƙirji ta ce, “A'uzu billahi! Isa ya rasa inda zai kai mini 'ya sai can?” Ta dangwala wa takardar makarantar Turanci har tawada ta ɓata mata mayafi. Malam Sale ya buga hatimi, aka haɗa mata da jawaz ɗinta, wato fasfo. Ɗaya takardar na cusa ta cikin littafin sunayen alhazai, tunda ba a yarwa.

Sai dai raina bai kwanta ba. Kullum in na buɗe littafin sai in ga takardar, in sake gwada karantawa, in sake rufewa.

Ranar Arfa aikina shi ne in bi tantuna da littafin, in kira suna a amsa, in tabbatar kowa ya iso kuma ruwa ya kai masa. Da hantsi, rana ta fara dukan ƙeya, na shiga tanti na bakwai na kira, “Alhaji Ɗan'azumi!” Wani tsoho mai faffaɗar kafaɗa ya amsa. Na duba gaban sunansa inda ake rubuta ƙasar da mutum ya fito. Da hannuna na rubuta Wales a wurin tun a watan jiya, daga takardar wakilin Jidda, ban ko lura ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Na durƙusa na ce, “Baba, don Allah wata tambaya, ko da yake ba ranarta ba ce.”

Ya ce, “Yi abarka, ɗana. Da sauran lokaci kafin azahar.”

Bakatsine ne, ya yi shekara talatin a can yana aikin jirgi, har ya auri 'yar ƙasar. Bai iya karatu ba, saboda haka na ce zan gwada furta masa abin da ke takardar. Na yi layi ɗaya da ƙyar. Tsohon nan ya yi dariya har haraminsa ya zame daga kafaɗa.

Ya ce, “Ka kashe shi ka binne, amma na gane gawar. Harshen matata ke nan.”

Na ce, “Na addininsu?”

“Wane addini? Da shi take sayen kifi. Da shi take yi mini faɗa in na shigo da takalmi. Suna yin addu'a da shi, ƙwarai, kamar yadda kake roƙon Allah da Hausa in abu ya dame ka.”

Na ce to Wales ɗin unguwa ce a Landan? Ya dube ni da tausayi. Ya ce ƙasa ce guda da duwatsunta da tumakinta, sarauta ɗaya da Ingila amma mutane dabam. Ya ce surukarsa ta ba shi labari, a zamanin ƙuruciyarta yaron da ya yi harshen gida a makaranta allon katako ake rataya masa a wuya, wanda aka tashi da shi a wuyansa ya sha bulala. Shi ya sa yanzu wasunsu suka dage sai an koyar da 'ya'yansu da shi, kada ya mutu a hannunsu. Na tambaye shi batun addu'ar Kiristoci, ya ce duka makarantun biyu suna yi da safe, kuma duka biyun in uba ya ce a cire ɗansa za a cire.

Na ce, “To Baba, wacce ta fi?”

Ya ce, “Oho. Nawa 'ya'yan ta Turanci suka yi, sun sami aiki, amma kakarsu ta mutu ba su taɓa hira da ita ba. Ka ga ni ban sani ba.”

Yadda ya faɗi “ban sani ba” ɗin nan, a sauƙaƙe, ko a jikinsa, shi ya fi komai dukana. Ranar da kowa ke kuka yana tuba daga manyan zunubai, ni takarda ce ta tsaya mini a wuya. Na fita daga tantin na ma manta ban kira sauran sunayen ba.

Da muka sauko daga Mina na sami Malam Sale na zayyana masa. Ya ce, “Halas, magana ta ƙare, ya Habu, an buga hatimi. Yarinya za ta yi Turanci, me aka rasa? In ka je ka ce ka yi kuskure, gobe wa zai kawo mana wasiƙa?” Maganarsa tana kan hanya, kuma wataƙila ma zaɓin da aka yi shi ne daidai. Amma zaɓin nawa ne, da ƙarya, kuma Asabe za ta sauka a ƙasar mutane tana kallon maƙwabtanta a matsayin masu farautar 'yarta.

Na same ta da safe tana rabon kayan tuyarta ga maƙwabta, saura kwana uku tafiya. Rakiya na zaune a kan akwati tana cin ƙanzon waina. Na gaishe ta, na faɗi komai, ban rage ba.

Ta dube ni ta ce, “Malam Habu, kai da wane harshe kake magana da tsohuwarka?”

Na ce da Hausa.

“To Hausa addininka ce?”

Na ce a'a. Ta ce, “Da ka ce mini ba ka sani ba, ai da na tambayi wani. Ni ban iya karatu ba, amma na iya tambaya.”

Ta sa na je na taho da Alhaji Ɗan'azumi daga masaukinsa. Tambayoyin da ta yi masa ko ɗaya bai zo mini a rai ba. Matan garin da wane harshe suke magana ta kan katanga? Ya ce a wannan garin, da nasu. In yaro ya faɗi a hanya, da wanne ake rarrashinsa? Ya ce da nasu. A makarantar tasu ana koyar da Turanci? Ya ce dole ne, babu mai tsere wa Turanci a can. Ya kuma gargaɗe ta cewa harsuna biyu sababbi a kan yarinya ƙarama ba wasa ba ne, kuma in Isa ya koma wani gari, na Wales ɗin ba zai yi mata amfani ba.

Ta dubi Rakiya. Can ta ce, “Ina da shekararta aka shigo da ni garin nan ta Sudan. Shekara biyu ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon yara na wasa, ban san me suke cewa ba. Ba zan so mata haka ba. Kuma mutanen da aka doka saboda harshen uwarsu, ba na jin za su doki 'yata don ta yi Hausa. Kawo ɗayar.”

Na ciro ta daga littafin, duk ta yi laushi da gumin Arfa. Ta dangwala. Malam Sale ya buga hatimi yana gunaguni, ya soke ta farko da jan alƙalami. Har suka hau mota zuwa Jidda ban san ko mun gyara ba ne ko mun ƙara ɓatawa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Wanda ya miƙo muku takarda idonku ya ara. In kun gani ku faɗa, in ba ku gani ba ku ce ba ku gani ba. Mutanenmu suna yafe wa katibin da ya ce bai sani ba, kuma sau da yawa wanda ke tsaye a gaban teburin ya fi na bayansa sanin abin da ya kamata a tambaya.

Bayan shekara huɗu wasiƙa ta zo da sunana. Rakiya ce ta rubuta da hannunta, da haruffan Nasara amma da Hausa, uwarta na faɗa tana rubutawa. Suna lafiya, ta ce, yanzu ita ke yi wa uwar tafinta a kasuwa da asibiti, kuma malamarsu ta sa ta koya wa 'yan ajinsu ƙirga da Hausa har goma. Daɗi ya kama ni, na tafi da ita gida na karanta wa 'yata Zainabu, sa'ar Rakiya, haifaffiyar Hindawiyya. Ta saurara har na kai aya, sannan ta tambaye ni da Larabci, “Abuya, me take cewa?”